Tambayoyi da Amsoshi Kan Waƙoƙin Black Sabbath, Daga Bakin Mai Ƙaunarsu

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda abokai da 'yan'uwa suka fi yi mini duk lokacin da zancen Black Sabbath ya taso. Wasu masu son kiɗan ne ke yinsu, wasu kuma sunan kawai suka ji suka yamutsa fuska. Inda magana ta shafi tarihi, abin da ya tabbata na kawo. Inda ta shafi daɗin waƙa kuwa ra'ayina ne, kuma ban ɓoye shi ba.

Su wane ne Black Sabbath, daga ina kuma suka fito?

Samari huɗu ne 'yan unguwar Aston da ke birnin Birmingham a Ingila, waɗanda suka haɗu a 1968. Tony Iommi ke kaɗa jita, Geezer Butler ke riƙe da bas, wato jitar nan mai tsirkiya huɗu da kaurin amo, Bill Ward na kan ganguna, Ozzy Osbourne kuma shi ke rera waƙa. Uku daga cikinsu haihuwar 1948 ne, Butler kuma 1949. Ke nan sun buɗi ido ne a garin da jiragen Jamus suka yi wa ruwan bama-bamai a Yaƙin Duniya na Biyu, a unguwar ma'aikatan masana'antu, inda yaro ke barin makaranta yana ɗan shekara 15 ya nufi ƙofar kamfani. Ozzy ya yi aiki a mayanka, har ya ɗan sha ɗauri kan laifin fasa shago. Iommi kuma ma'aikacin ƙarfe ne.

Kafin su zama Black Sabbath sunansu Earth, suna kaɗa buluz, wani salon kiɗan Amurka, a mashaya da ƙananan gidajen rawa, har Hamburg ta Jamus sun je neman na abinci. A 1969 suka gano akwai wata ƙungiya mai wannan suna, sai suka ari sunan wani fim na ban tsoro na 1963 da Boris Karloff ya fito a ciki. Tunanin da ya zo musu mai sauƙi ne: tunda mutane na biyan kuɗi su shiga silima a tsorata su, me zai hana a yi kiɗan da zai tsorata? Faifansu na farko a yini ɗaya suka ɗauke shi a Landan cikin Oktoban 1969, ya fito ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1970. Masu sharhi a jaridu suka yi masa kaca-kaca, matasa kuwa suka yi ta saye har ya kai na 8 a jerin fayafayan Birtaniya. Mutane da yawa daga wannan rana suke ƙirga shekarun kiɗan hebi metal.

Da gaske ne mai jitarsu ba shi da yatsu?

Kan yatsu biyu ne ya rasa, ba yatsun duka ba. Yana ɗan shekara 17, a ranar da zai ajiye aiki a wata masana'antar farantin ƙarfe don ya bi kiɗa, aka sa shi a kan injin da bai saba da shi ba. Injin ya datse masa kan yatsan tsakiya da na kusa da ƙaramin yatsa a hannun dama. Shi kuma bahago ne, saboda haka hannun daman nan shi ke danne tsirkiya a wuyan jita. Aka ce masa ya manta da kiɗa. Shugabansa a wurin aiki ne ya kawo masa faifan Django Reinhardt, makaɗin jaz ɗin da wuta ta naƙasa wa yatsu biyu amma ya ci gaba da kiɗa har ya zama gagarabadau.

Abin da Iommi ya yi daga nan shi ne na fi girmamawa a duk tarihin ƙungiyar. Ya samo robar sabulun wanke-wanke ya narkar da ita, ya dunƙule, ya huda dunƙulen da ƙarfe mai zafi har kan yatsa ya shiga, sannan ya zauna yana gogewa har abin ya ɗauki siffar yatsa. Roba tana sulɓewa a kan tsirkiya, sai ya yanko fata daga wata tsohuwar riga ya manna a kai. Tsirkiyar jita ta wancan zamani mai kauri ce, tana ci masa yatsu, sai ya riƙa haɗawa da ta banjo mai laushi. A 1971 kuma ya sassauta ɗaurin tsirkiyoyin gaba ɗaya, amon jitar ya gangara ƙasa sosai, Butler ma ya sassauta nasa don su tafi tare. Kaurin amon nan da dubban ƙungiyoyi suka kwaikwaya daga baya, nan ne mafarinsa.

Baiwarsa ta gaskiya tana wajen ƙirƙirar ɗan gajeren kiɗan da jita ke ta maimaitawa, wanda ake ɗora waƙa a kai. Zan riƙa kiransa take. Akwai waɗanda suka fi Iommi saurin yatsa nesa ba kusa ba, amma ban san wanda ya fi shi iya haɗa sauti huɗu ko biyar su zama taken da in ya shiga kunne sai ya kwana da kai ba.

Ba matsafa ba ne kuwa? Sunan ma kaɗai ai abin tsoro ne.

Wannan ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma mai yinta yana da hujja, don haka ba zan kauce mata ba. Ba matsafa ba ne. Butler, wanda shi ya rubuta baitocin mafi yawan waƙoƙin zamanin Ozzy, ya tashi a gidan Katolika 'yan asalin Ireland masu riƙo da addininsu. Yana saurayi ya shiga karance-karancen littattafan sihiri, sai wani dare, kamar yadda ya sha bayar da labari, ya farka ya ga wata baƙar halitta tsaye a ƙarshen gadonsa. Tsoro ya kama shi ya watsar da harkar. Daga labarin nan aka yi waƙar da ke ɗauke da sunan ƙungiyar, wadda ta buɗe faifan farko da ruwan sama da tsawa da bugun ƙararrawa, kafin jita ta faɗo da sauti uku kacal, a hankali, na ukun yana karkace yadda kunne ba zai natsu da shi ba. Mutumin da ke magana a waƙar ba murna yake yi ba. A firgice yake, yana roƙon Ubangiji ya cece shi.

Gicciyen da aka kifar a cikin bangon faifan, kamfanin da ya buga shi ne ya sa ba da saninsu ba. Su kansu gicciye na daidai suke ratayawa a wuya, wanda mahaifin Ozzy ya ƙera musu. A “After Forever” ta 1971 kuwa ƙiri-ƙiri suka fito suna kare imani da Ubangiji, suna tambayar masu yi wa addini izgili abin da za su ce ranar da rai ya zo fita. “War Pigs” ma da ranar hisabi ta ƙare, inda masu hura wutar yaƙi ke durƙushe suna neman rahamar da ba su yi wa kowa ba.

Amma ba zan wanke su tas ba. Sun ci kasuwa da wannan kamanni na duhu, sun kuma san suna ci. A “N.I.B.” da muryar Iblis ake magana yana zawarcin mace. Butler ya ce labarin Shaiɗan ne da so ya kama shi har ya sauya hali. Ni dai bayanin bai gamsar da ni ba, kuma duk daɗin takenta, ba na bin baitocinta da baki. Wanda ya ji zuciyarsa ba ta natsu da saurarensu ba saboda addininsa, ya bari, ba ni da ja ko kaɗan. Hukuncin kiɗa a addini kuma maganar malamai ce, ba tawa ba. Abin da nake ƙi shi ne a ɗora wa mutane abin da ba su faɗa ba, alhali mafi yawan abin da suka rera gargaɗi ne kan yaƙi da makamin nukiliya da ƙwaya da zaluncin masu mulki.

Ban taɓa jinsu ba. Daga ina zan fara?

Ƙofa mafi sauƙi ita ce faifan Paranoid, wanda ya fito a Satumban 1970 ya kuma kai na 1 a Birtaniya. A cikinsa “War Pigs” da “Iron Man” da “Paranoid” suke, waɗanda ko ba ka san sunansu ba mai yiwuwa ka taɓa jin takensu a fim ko a filin wasa.

Amma in aka ce in ba ka guda ɗaya tak in tafi, Master of Reality na 1971 zan miƙa maka. Bai kai minti 35 ba, kuma babu inda aka ɓata lokaci a ciki. A nan ne aka sassauta tsirkiya, a nan ne ƙungiyar ta gane cewa ƙarfinta ba a gudu yake ba, a nauyi yake. Ka saurari yadda “Into the Void” ta fara: taken yana tafe kamar tirelar da ta yi lodi tana hawan tudu, kana jin kowace taya tana cizon ƙasa, kuma babu wanda ke gaggawar ya kai. Labarin waƙar na wasu mutane ne da suka hau roka suka gudu daga duniyar da yaƙi da gurɓatar iska suka lalata, a 1971 fa, tun kafin maganar muhalli ta zama ta kowa. “Children of the Grave” kuma sukuwa take yi, Ward yana zuba wasu ƙananan ganguna a bayan manyan, tana kiran matasa su miƙe su hana a hallaka duniya da nukiliya. In ka ji waɗannan biyu ba su motsa ka ba, to wataƙila ƙungiyar ba taka ba ce, kuma ba laifi.

Me ya sa kake rage wa “Paranoid” daraja, alhali ita ta fi shahara?

Ba na ƙinta. Sai dai cike gurbi aka yi da ita: an gama faifai aka ga da sauran ɗan fili, Iommi ya kawo take, nan take aka haɗa waƙar da ba ta kai minti uku ba. Ta kai ta 4 a Birtaniya, ta kuma sa aka canza wa faifan suna, don da War Pigs za a kira shi. Waƙa ce mai kyau game da mutumin da damuwa ta yi wa katutu ya kasa jin daɗin komai. Amma a miƙe take tun daga farko har ƙarshe, ba ta da sauye-sauyen da suka sa Sabbath ta zama Sabbath. Wanda ya tsaya a kanta ya ɗauka ya san su, bai sani ba.

To wacce ce waƙarsu da ta fi kowace?

“War Pigs”. Na yi ta jujjuya wannan a raina da “Into the Void” da “Symptom of the Universe”, amma kullum nan nake dawowa.

Tana farawa da jiniyar gargaɗin harin jiragen sama, irin wadda iyayensu suka sha ji a Birmingham, kiɗan yana jan ƙafa a ƙarƙashinta. Sai komai ya tsaya cak. Jita da bas da ganga su buga sau biyu tare su yi shiru, a bar Ward shi kaɗai yana taɓa farantin ƙarfen nan da ke gefen ganguna, ƙyas-ƙyas-ƙyas, Ozzy ya jefa baiti ɗaya a cikin shirun, a sake bugawa sau biyu. Wannan shirun shi ne waƙar. Ƙungiyoyin da suka zo baya sun koyi ƙara daga Sabbath, amma kaɗan ne suka koyi barin fili haka.

Maganar da ke ciki kuma babu kwana-kwana: janar-janar da 'yan siyasa ne ke shirya yaƙi, su laɓe a gida, su tura 'ya'yan talakawa su mutu. A lokacin ana tsakiyar yaƙin Vietnam, su kuma samari ne 'yan shekara ashirin da 'yan kai, sa'o'in waɗanda ake kwasa ana turawa. Da farko ma waƙar sunanta “Walpurgis”, baitocinta na taron mayu ne, sai aka sake su. Na gode da aka sake. Da an bar ta yadda take, da tatsuniyar ban tsoro kawai za ta zama. Yanzu kuwa duk ƙasar da ta ɗanɗana yaƙi za ta gane abin da ake faɗa ko da ba ta san Vietnam ba.

Abu ɗaya da ba na so a cikinta shi ne yadda aka ƙara wa faifan gudu a daƙiƙun ƙarshe, kiɗan ya tsuke ya ɓace. Bayan kusan minti takwas na irin wannan aiki, ta cancanci ƙarshen da ya fi haka.

“Iron Man” tana da alaƙa da jarumin fina-finan Marvel?

Babu. Labarin Butler ne na wani mutum da ya je gaba a zamani ya ga halakar duniya, a hanyar dawowa ya rikiɗe ya zama ƙarfe ya kasa magana, mutane suka yi ta yi masa dariya, haushi ya sa ya afka musu, ashe shi ne halakar da ya gani. An dai yi amfani da kiɗan waƙar a fim ɗin 2008, shi ya sa ake haɗa su.

Ba su ne masu yabon wiwi da hodar ibilis ba?

A nan akwai abin faɗa, kuma ba zan yi musu kara ba. “Sweet Leaf” waƙar yabon wiwi ce tsantsa, har tarin da ke buɗe ta na Iommi ne lokacin da hayaƙi ya sarƙe shi, aka ɗauka aka maimaita. “Snowblind” ta faifan Vol. 4 na 1972 kan hodar ibilis take, kuma a Los Angeles aka yi faifan suna nutse cikinta. Takensu duka biyu na cikin mafi kyau da Iommi ya yi, wannan ba a musu. Amma ba na ganin burgewa a abin da suke yabo, don ƙarshensa a bayyane yake: shaye-shaye ne ya ci ƙarfin ƙungiyar, shi ya kai ga korar Ozzy a 1979, shi kuma ya taimaka wajen ficewar Ward a 1980.

Wanda ke son jin bakinsu na gaskiya kan ƙwaya ya saurari “Hand of Doom”. Butler ya rubuta ta ne kan sojojin Amurka da suka dawo daga Vietnam suna yi wa kansu allurar heroin don su manta abin da suka gani. Bas ne ke fara ta shi kaɗai, ƙasa-ƙasa, tana bin mutumin mataki-mataki daga allurar farko har ranar da aka rufe shi. Ban san waƙar da ta fi ta nuna munin wannan hanya ba, kuma ban gane dalilin da ya sa ba a ambatonta kamar 'yan'uwanta na faifan ba.

Ni dai hayaniya kawai nake ji. Suna da waƙa mai sanyi?

Suna da su, kuma ba don cike gurbi ba. “Planet Caravan” tana tsakiyar faifan Paranoid, Ward yana taɓa ganga da tafin hannu, an bi da muryar Ozzy ta wata lasifika mai juyawa har ta zama kamar daga cikin ruwa take fitowa, Iommi kuma ya rufe da salon jaz tsantsa. “Solitude” tana da sarewa, Ozzy ya saukar da murya har wasu suka ɗauka wani ne daban. “Changes” piyano ce da kukan rabuwa, an yi ta lokacin da auren Ward ke mutuwa. A gaskiya ita ce ta fi rauni a cikin ukun a wurina, piyanon ya yi sauƙi da yawa, amma mawaƙin Amurka marigayi Charles Bradley ya sake rera ta shekaru arba'in da wani abu bayan haka ya fito da abin da ke ɓoye a cikinta.

Ozzy ko Dio?

In maganar iya waƙa ce, Ronnie James Dio ya fi, kuma duk mai kunne ya san haka. Ba'amurke ne ɗan asalin Italiya, ya zo daga ƙungiyar Rainbow ya maye gurbin Ozzy bayan korarsa, yana da murya mai faɗi da yake sarrafawa yadda ya ga dama. Faifan Heaven and Hell na 1980 ya ta da ƙungiyar da kowa ya ɗauka ta mutu, kuma “Children of the Sea” da “Die Young” da waƙar da ke ɗauke da sunan faifan ba su da makusa. Mob Rules na 1981 ma, “The Sign of the Southern Cross” kaɗai ta isa a saye shi. Ozzy yakan bi taken jita sau da ƙafa, kamar a “Iron Man” da “Electric Funeral”, Dio kuwa yakan ratsa taken ya shimfiɗa nasa karin a sama, abin da ya ba Iommi damar yin wani irin kiɗa daban.

Duk da haka Ozzy nake zaɓa, ga dalilina. Muryarsa siririya ce, ta hanci, kamar ta mai kiran a kawo agaji. Idan ya ce yana tsoro, sai ka yarda tsoron yake ji. Dio in ya rera kan duhu, a matsayin jarumin da zai yaƙe shi yake rerawa, da sarakuna da bakan gizo da dodanni a baitocinsa. Ozzy kuwa shi ne talakan da duhun ya faɗo wa. Waƙoƙin Butler na yaƙi da ƙwaya da hauka irin wannan murya suke buƙata. Wanda kuma ke cewa Ozzy bai iya waƙa ba sam, ya je ya ji inda ya kai murya a “Sabbath Bloody Sabbath” da “Hole in the Sky” da “The Writ”, sannan mu yi magana.

Alamar nan ta ɗaga yatsa manuni da ƙaramin yatsa da masu son metal ke yi, Dio ne ya yaɗa ta. Ya ce a wurin kakarsa 'yar Italiya ya gani, tana yi don kare kai daga mugun ido.

Wane faifai ne aka fi zalunta?

Sabotage na 1975. Sun yi shi suna cikin shari'a da tsohon manajansu kan kuɗi, har situdiyo ake biyo su da takardun kotu, kuma haushin yana fita a kowace waƙa. “The Writ” kai-tsaye kan rikicin take. “Symptom of the Universe” kuma ita ce uwar salon nan mai gudu da ƙungiyar Metallica da sa'o'inta suka zo da shi a shekarun 1980: Iommi yana sarar tsirkiya ɗaya da sauri, Ward yana ta rugurguza ganguna tsakanin baitoci, sai can ƙarshe waƙar ta juya gaba ɗaya ta koma jitar katako mai taushi, kamar ba ita ba. “Megalomania” ta kusa minti goma kuma ba ta gundura. Bangon faifan ne dai abin kunya, kada ya hana ka.

Wanda ya zo kafinsa, Sabbath Bloody Sabbath na 1973, ya samu yabon da ya dace da shi. Basira ta toshe wa Iommi a Amurka, suka dawo Ingila suka kama haya a tsohuwar fadar Clearwell, suna gwaji a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, a can taken waƙar farko ya zo masa. Akwai wani take na biyu da ke faɗowa bayan tsakiyar waƙar, wanda a ganina shi ne mafi nauyin abin da suka taɓa ɗauka.

Technical Ecstasy da Never Say Die! fa?

Fayafayansu ne na 1976 da na 1978. Gajiya ta bayyana a cikinsu. Ka ɗauki “Dirty Women” saboda jitar ƙarshenta, da “Junior's Eyes” wadda Ozzy ya rera bayan rasuwar mahaifinsa, da “Air Dance”, ka wuce.

Bayan Dio akwai abin saurare?

Akwai, fiye da yadda ake faɗa. Born Again na 1983, da mawaƙi Ian Gillan na ƙungiyar Deep Purple, yana da waƙoƙi masu ƙarfi irin “Zero the Hero”, amma haɗin sautin ya dagule kamar an rufe lasifika da bargo. Wanda aka fi mantawa shi ne Tony Martin, ɗan Birmingham, wanda ya rera fayafayai biyar tsakanin 1987 da 1995. Headless Cross na 1989, da Cozy Powell a kan ganguna, faifai ne mai kyau ƙwarai, har Brian May na ƙungiyar Queen ya kaɗa jita a “When Death Calls”. Sai dai a nan ne baitocin suka fi cika da zancen Shaiɗan, ba kuma da zurfin tunani irin na Butler ba, don haka mai gudun wannan ya sani tun da wuri. An sake fito da huɗu daga fayafayan Martin a 2024 bayan sun daɗe ba a samunsu. Dio ma ya dawo a Dehumanizer na 1992, faifai mai fushi da na fi so fiye da yadda jama'a ke sonsa. Ya rasu a watan Mayun 2010 sakamakon sankarar ciki.

Wane ne a cikinsu ya ciji kan jemage?

Ozzy ne, amma ba a Black Sabbath ba. A Janairun 1982 ne a Des Moines ta Amurka, bayan ya kama gabansa. Wani ya jefo jemagen kan dandamali, Ozzy ya ce ya ɗauka na roba ne, ya ƙare da allurar rigakafin cutar haukan kare. Ba ruwan waƙoƙin da muke magana a kai da wannan.

Yaya ƙarshensu ya kasance?

A 2013 Ozzy da Iommi da Butler suka fitar da faifai mai suna 13, Iommi yana fama da jinyar sankara. Ward bai shiga ba saboda saɓani kan kwantiragi, Brad Wilk ya zauna a kujerarsa. Faifan ya kai na 1 a Birtaniya da Amurka, “God Is Dead?” ta ci kyautar Grammy. Ra'ayina shi ne sun yi ta kwaikwayon kansu na 1970, kusan kowace waƙa kana iya nuna tsohuwar da aka ɗora ta a kai. “Damaged Soul” ce kaɗai na ji sun saki jiki suna kiɗa kamar babu mai kallo. Rangadin bankwana ya ƙare a Birmingham ranar 4 ga Fabrairun 2017, nan ma babu Ward, abin da ya daɗe yana ci mini rai.

An gyara wannan ranar 5 ga Yulin 2025 a Villa Park, filin Aston Villa da masu kallon ƙwallon Ingila suka sani, a unguwar da suka taso. Su huɗun na asali suka hau dandamali tare, karo na farko tun 2005, bayan Metallica da Slayer da Guns N' Roses da wasu sun yi wasa don girmama su. Ozzy yana zaune a kujera saboda cutar Parkinson ta hana shi tsayuwa. Waƙa huɗu suka yi: “War Pigs”, “N.I.B.”, “Iron Man” da “Paranoid”. Ranar 22 ga watan ya rasu yana da shekara 76.

Me ya sa kake yawan ambaton Bill Ward da Geezer Butler, alhali Ozzy da Iommi aka sani?

Saboda su ne bambancin Sabbath da masu kwaikwayonta. Ward a kan jaz ya taso, yana sauraren Gene Krupa da Buddy Rich, shi ya sa gangarsa ke rangaji maimakon ta miƙe kamar inji. Yakan ɗan ja baya, ya ɗan riga, ya cike gurbi da abin da ba ka zata ba. Butler kuma da jita ya fara kafin ya koma bas bayan ya ga Jack Bruce na ƙungiyar Cream, don haka ba ya tsayawa a sauti ɗaya yana jira. Duk lokacin da Iommi ya bar take ya tafi kaɗa nasa shi kaɗai, Butler ne ke cike wurin, yana yawo sama da ƙasa.

Matsalar ita ce lasifikar waya ba ta fitar da bas, saboda haka wanda ya saurare su ta nan rabin ƙungiyar kawai ya ji. Ka sa abin ji na kunne mai kyau, ko ka haɗa da babbar lasifika. Ka kunna “War Pigs”, in an zo inda Iommi ke kaɗa nasa a tsakiya ka ƙyale shi, ka bi bas ɗin kaɗai. Sannan ka kunna “Fairies Wear Boots” ka bi ganguna tun daga farko, musamman kafin Ozzy ya shigo. “Wicked World” ita ce ta uku, a nan jaz ɗin Ward ya fi fitowa fili.